Me ya sa mai haɗa kiɗa zai saki jangul da sunan aro, kuma me za ka saurara in ya fito?

Wani matashi da ke koyon haɗa kiɗa a wani situdiyo da ke Mabera, nan cikin Sakkwato, ya aiko mini da tambaya. Akwai wani furodusa ɗan ƙasar waje da ya daɗe yana bin aikinsa, wanda aka sani da tekno, kiɗan rawa da ake haɗawa da na'ura. Sai ga sanarwa cewa nan da 'yan makonni zai saki faifan jangul, wato kiɗan nan na Ingila mai ganguna masu gudu, amma da wani suna dabam. An fitar da ɗan guntun minti ɗaya, yaron ya saurara a waya, ya ce bai ji komai ba sai ganguna suna ta rige-rige. Ya rufe saƙon da cewa: "Yaya, mi as sa mutum mai suna zai aje sunanai ya ɗauki wani? Ko dai bai yarda da aikin ba? In jira shi, ko in sa kuɗina wani wuri?"

Ƙanena, ka jira shi, amma ba don sunan ba. A wannan fanni sake suna ba alamar rashin yarda da aiki ba ce. Al'ada ce da ta girmi shi kansa furodusan naka, kuma da ita jangul ya tashi tun farko. Abin da ya fi damuna a saƙonka shi ne inda ka ce ka saurara a waya ba ka ji komai ba, kuma can zan fi daɗewa. Bari dai mu fara kawar da batun suna.

Mu nan laƙabi ba baƙonmu ba ne. In ka ce Ibrahim ko Musa, wa zai gane wanda kake nufi sai ka ce Narambaɗa ko Ɗanƙwairo? Sai dai namu jama'a ne ke liƙa wa mutum, ya bi shi iya rayuwarsa, duk abin da ya rera da shi za a kira shi. Nasu kuwa mutum ne ke zaɓar abinsa, yana iya riƙe huɗu ko biyar lokaci guda, kowanne da aikin da ya keɓe masa. Luke Vibert, wani Bature ɗan kudancin Ingila, in zai yi kiɗa mai sanyi mai tafiya a hankali sai ya sa Wagon Christ. A tsakiyar shekarun 1990 da ya shiga harkar ganguna masu gudu sai ya zama Plug. A 2003 da ya so yin jangul tsantsa irin na da, ya fito da sunan Amen Andrews. Rupert Parkes, wanda duniya ta sani da Photek, ya saki faifai da sunayen Studio Pressure da Aquarius da The Sentinel a kamfanoni daban-daban cikin 'yan shekaru kaɗan. Mutanen 4hero, masu kamfanin Reinforced a Landan, in suna son kiɗan rawa zalla ba zurfafawa, sai su sa Tom & Jerry. Wanda ya fi kama da mutumin naka shi ne Paul Woolford na garin Leeds. Ya yi suna a kiɗan hawus da tekno, sannan ya koma ga kiɗan da ya tashi yana ji a rediyon sata, wato marar lasisi, yana yaro, ya sa wa aikin Special Request, babban kundinsa na farko da wannan suna ya fito a 2013. Ba wanda ya ce ya ɓuya. Da yawa ma suna ganin a ƙarƙashin sunan aron ya fi sakin jiki.

Dalilan da suka haifar da al'adar na ciniki ne kafin su zama na fasaha. Jangul ya ƙyanƙyashe ne a Landan da Biristol tsakanin 1991 da 1994, galibi a hannun 'ya'ya da jikokin baƙaƙen fata da suka zo Ingila daga Jamaika da sauran tsibiran Karibiyan bayan yaƙin duniya na biyu. Sun gaji manyan sifiku na rege daga iyayensu, sun gaji yanke-yanken ganga daga hip-hop, ga kuma kiɗan dare mai sauri da ke tashe a Ingila lokacin. Manyan gidajen rediyo ba su sa kiɗan, don haka samari ke hawa saman dogayen benaye su kafa eriya ba lasisi. Kool FM, wadda ta fara a 1991 a gabashin Landan, ita ce ta fi shahara. Kamfanonin faifai ƙanana ne, wani ma a ɗakin kwanan mai shi yake. To, yaron da ke iya gama kiɗa cikin kwana ɗaya ko biyu ba zai kai wa mai shago faifai biyar a wata da suna ɗaya ba, kasuwarsa za ta faɗi. Sai ya raba su a sunaye. Wani kuma ya sa hannu a yarjejeniya da kamfani, an ɗaure sunansa, amma ba a ɗaure hannunsa ba, sai ya kai wa wani kamfanin aiki da sabon suna. Na uku shi ne wanda ba a cika faɗa ba: kusan kowane kiɗan jangul cike yake da guntayen waƙoƙin mutane da aka ɗebo ba izini, murya daga nan, ganga daga can. Faifai mai farar takarda a tsakiya, ba suna ba adireshi, ya fi wuyar kai wa kotu.

Yau lissafin ya juya, kuma wannan ne ya kamata ya kwantar maka da hankali. A Spotify da ire-irensa, sabon suna daga sifili yake farawa: ba mabiya, ba wanda za a tura wa sanarwa, na'urar da ke ba mutane shawarar abin saurare ba ta san shi ba. Furodusan da ke da dubban masu saurare ya ajiye su ya fara da wani suna, asara ya ɗauka da gangan. Mutum ba ya yin haka a kan aikin da yake jin kunyarsa. Wanda ke jin kunyar aiki barinsa yake a kwamfuta. Abin da yake saye da wannan asarar shi ne sarari. Masu zuwa jin teknonsa ba za su ce ya ɓata musu rai ba, masu ɗaukarsa wasa ba za su rikice kan abin da zai sa ba, su kuma mutanen jangul, waɗanda ba su da saurin karɓar baƙo, za su auna faifan da kunnensu kafin su tuna ko wane ne.

Ka bambance iri biyu, amma. Akwai ɓuya ta gaske, irin wadda Richard D. James, wato Aphex Twin, ya yi a 2007 da sunan The Tuss: kamfanin ya ce wasu mutane ne dabam, aka yi ta musu, sai a 2014 ya amsa da bakinsa cewa shi ne. Akwai kuma sunan aro da aka sanar tun kafin faifan ya fito, kamar na mutumin naka. Wannan ba ɓuya ba ce, alkawari ne. Yana ce maka ne, a ƙarƙashin wannan suna ga dokokin da zan yi aiki da su, ga abin da ba zan kawo ba. Kai kuma haƙƙinka ne ka riƙe shi da alkawarin. In kana son tabbatar da cewa shi ɗin ne, duba shafinsa a dandalin intanet na Discogs, inda ake jera duk sunayen mutum wuri ɗaya, ko ka buɗe bayanan waƙar in ta fito ka ga wanda aka rubuta a matsayin marubucinta. Kuɗin mallaka da sunan yanka ake biyansu, don haka a nan ne asiri ya fi tonuwa.

Yanzu ga batun kunne.

Jangul yana tafiya ne da gudu biyu a lokaci guda. Ganguna suna wajen bugu 160 zuwa 170 a minti, bes kuwa, wato sautin nan mai kauri, yana tafiya a rabin haka, wajen 80 zuwa 85, tafiyar rege. Wanda ya bi ganguna kaɗai zai ji kamar ana kora shi. Wanda ya bi bes zai ga jikinsa na lilo a hankali, gangunan suna yawo a samansa. Daɗin duka yana tsakanin biyun nan. To, bes ɗin jangul yana zaune ne can ƙasa, wajen Hz 40 zuwa 60 a ma'aunin tsini da kaurin sauti, inda ƙirji ya fi kunne jinsa, sifikar waya kuwa ƙasa da Hz 200 kusan ba ta fitar da komai. Ka ga ke nan rabin kiɗan ka ji, kuma rabin da ba ya tsayuwa shi kaɗai. Da ka ce rige-rige ka ji, gaskiya ka faɗa.

Kafin ranar fitowar, ka nemi hedifon mai rufe kunne gaba ɗaya, ko ka jira lokacin da situdiyonku ba kowa ka sa a manyan sifiku. In ɗakin ƙarami ne mai bangon siminti, kada ka tsaya a tsakiyarsa, nan ne bes ke yawan ɓacewa. A lungu kuma yakan kumbura fiye da yadda yake. Ka ɗan zazzaga har ka sami inda sautin ya daidaita. Kashe fanka in za ka iya jure zafin na minti shida, kuma in janareto ne ke aiki ka rufe ƙofa, don rurinsa yana cin wurin da bes ke zama. Ka fara horar da kunnenka da tsofaffin kiɗan 1994 da 1995 tun yanzu, don in sabon ya zo ka sami abin da za ka gwada shi da shi.

Su kuma gangunan, a nan ake gane gwani. Ba a na'ura aka ƙirƙire su ba. Ɗan wuri ake nema a tsohuwar waƙa inda kowa ya yi shiru aka bar mai ganga shi kaɗai, a yanko shi. Wannan guntun shi ake kira birek. Mafi shahara ya fito ne daga waƙar "Amen, Brother" ta ƙungiyar The Winstons ta Amurka, 1969, inda makaɗinsu Gregory Coleman ya yi daƙiƙa shida zuwa bakwai shi kaɗai. Gaɓa huɗu ce, kowace mai bugu huɗu. Biyun farko kusan iri ɗaya ne. A ta uku ya jinkirta bugun siniya, wato ƙaramar gangar nan mai kaifin sauti, ya sauke ta bayan inda kunne ke jira. A ta huɗu ya bar ɗan gurbi, sannan ya doki faranti, wato faifan ƙarfen da ke cikin jerin gangunan, a wurin da ba a zata ba. Wannan 'yar tangarɗar da ya yi da gangan ita ce jarin jangul. Asalin gudunsa wajen bugu 136 ne a minti; in aka ja shi zuwa 165 sai sautin ya tashi, siniyar ta ƙara tsini, farantan su riƙa tartsatsi. Akwai wasu birek ɗin da ake yawan haɗa shi da su, kamar na waƙar "Think" ta Lyn Collins, 1972, wanda James Brown ya shirya, mai ɗauke da 'yar kuwwa da kacau-kacau a ciki.

Kowa yana da waɗannan guntayen. Kai ma in ka duba kwamfutar situdiyonku wataƙila suna nan cikin tarin sautukan da aka kwafo. Saboda haka tambayar ba wane birek ya ɗauka ba ce, me ya yi da shi. Gwani yakan daddatsa shi bugu-bugu, kik, wato babbar gangar da ake bugawa da ƙafa, dabam, siniya dabam, har ƙananan bugun da makaɗin ya yi da sassauƙan hannu tsakanin manyan, sannan ya sake jera su yadda Coleman bai taɓa kaɗawa ba amma da zai iya. Ya maimaita siniya sau uku a jere yana ɗaga muryarta kowane karo. Ya juya bugu ɗaya baya ya zama kamar shaƙar numfashi. Ya ɗauke komai na rabin daƙiƙa.

Kai ɗan Sakkwato kana da kunnen wannan abu fiye da yadda kake zato. Ka tuna filin dambe lokacin da ake kiran ɗan wasa da takensa. Ƙananan ganguna suna riƙe da zaren kiɗan ba su saki, shi kuwa mai babban kalangu yana matse tsarkiya a hammata yana saki, muryar gangar na hawa tana sauka, yana magana, yana tsokana, ya yi jinkiri ya faɗo inda ba ka zata ba, har ka ga tsikar jikin ɗan dambe ta tashi. Ba wanda ke zuwa nan ya ce hayaniya ce; kowa ya san wace ganga ce ke riƙe da hanya, wace ce ke zance. Haka za ka saurari jangul. Nemi abin da ke riƙe da hanya, galibi bes ne da ƙaramin faranti, ka kafa ƙafarka a kai, sannan ka bar siniya ta yi maka zance. In faifan mutumin naka ya fito, wannan ne gwajin farko: gangunansa suna magana, ko guntu ɗaya ne ya ɗora yana zagayawa daga farko har ƙarshe? Ka ƙirga gaɓa goma sha shida. In ba abin da ya motsa a cikinsu, ba a yi aikin ba tukuna.

Na nanata wannan ne don nan ne masu zuwa daga tekno suka fi tuntuɓe. Tarbiyyar tekno ita ce haƙuri: ka kafa abu ɗaya ya yi ta juyawa minti bakwai, canji na shigowa kaɗan-kaɗan ta yadda ba za ka ankara ba. Kyakkyawar tarbiyya ce, amma akasin ta jangul ce, inda ake son a ba ka mamaki kowace 'yar tazara. Wanda bai sauya hannu ba sai ya ba ka tekno da rigar jangul. Tuntuɓe na biyu shi ne tsabta fiye da kima. Mutanen farko da Akai S950 suka yi aiki, na'urar ɗaukar guntun sauti da ta fito a 1988, wadda ma'ajiyarta ba ta kai megabayit ɗaya ba sai an ƙara mata, wasu kuma da kwamfutar Amiga mai layin sauti huɗu kacal. Ƙarancin wuri ya tilasta musu yanke komai gajere, na'urar kuma tana ƙara wa sauti wani kaushi da ya zama ɗanɗanon kiɗan. Hatta muryar nan mai karkarwa kamar ta ƙarfe da ake ji a tsofaffin faifai, daga gazawar na'urar ta fito, lokacin da aka sa ta ja sauti ya yi tsawo ba tare da muryarsa ta sauka ba. Yau kwamfuta na iya goge duk wannan, sai a sami ganguna masu sheƙi, an matse su har ba sa numfashi, bugu mai ƙarfi da mai taushi duk sun zama ɗaya. Ni a wurina wannan ya fi kowane aibi muni, don ƙananan bugun nan su ne hannun ɗan Adam da ya rage a cikin kiɗan.

Akwai kuma kishiyar wannan, wato wanda ya kwaikwayi 1994 har da ƙurarta, ya zuba ƙarar tsohon faifai da jiniya da muryar Bajamaike da ya ɗebo daga tarin sautukan sayarwa, ba tare da ya san me mutumin ke faɗa ba. Irin wannan yakan yi daɗi a ji na farko, a na uku ya gundure ka. Kiɗan nan yana da iyaye, kuma an taɓa yin lokacin da aka so a raba shi da su: a tsakiyar shekarun 1990, da jaridu suka riƙa danganta jangul da tashin hankali, sai sunan diram-an-bes ya fi karɓuwa a manyan wurare, muryoyin rege suka ragu, har Roni Size da ƙungiyarsa suka ci kyautar kiɗa ta Mercury a 1997 a ƙarƙashin sabon sunan. Masu farfaɗo da shi yanzu, irin su Tim Reaper da ya kafa kamfanin Future Retro London a 2020, da Nia Archives da ta ci kyautar MOBO a 2022, sun san wannan tarihi kuma suna faɗinsa. Don haka ka duba wane kamfani ne zai fitar da faifan mutumin naka, su wa ke sa shi a shirye-shiryensu na rediyo, ko ya gayyaci wani daga cikin 'yan gida ya sake sarrafa ɗaya daga cikin kiɗan. Waɗannan sun fi duk abin da za a rubuta a sanarwa gaya maka gaskiya.

Inda nake sa ran zai yi fice shi ne bes da sarari. Mutanen tekno sun san ƙasan sauti sosai, kuma tsakanin fannonin biyu akwai tsohuwar zumunta. Bes ɗin nan mai ruri da kaɗawa da ya cika jangul, wanda ake kira Reese, daga birnin Detroit na Amurka ya zo: Kevin Saunderson, ɗaya daga cikin iyayen tekno, shi ya yi shi a 1988 a wani faifai da ya saki da sunan aro Reese. A 1994 Ray Keith ya ɗauko shi ya aza a kan birek ɗin Amen, shi ma da sunan aro, Renegade. Ka ga sautin da ya fi kowane shahara a fannin ya ratsa ta sunayen aro biyu kafin ya iso gare mu. In mutumin naka ya kawo wannan ilimin na gidansu, ya bar wa bes fili, bai cika kowane gurbi da ƙarin sauti ba, to zai iya ba da abin da 'yan gida ma za su tsaya su ji.

Guntun minti ɗaya da aka saki kada ka yanke hukunci da shi ko da ka ji shi a sifika mai kyau. Galibi daga inda kiɗan ya fi zafi ake yankowa. Jangul kuwa gini ne: shimfiɗa mai tsawo, sannan faɗowar bes ta farko, sannan a sauke komai, sannan faɗowa ta biyu, wadda a wurin gwanaye takan zo da sabon yankan ganga dabam da na farko. Wannan faɗowa ta biyu ita nake jira a kowane sabon faifai, kuma ba a taɓa sa ta a guntun talla. In kana son jin cikakkensa kafin lokaci, bi shirye-shiryen gidajen rediyon NTS ko Rinse FM ko ita Kool FM da ta dawo a ƙarƙashin Rinse a 2023. Tun zamanin da ake yanka wa manyan masu sa kiɗa faifan gwaji guda ɗaya tak su yi wata da watanni suna sa shi kafin kowa ya samu, al'adar ba ta mutu ba; yanzu fayil ake tura musu. Jiran nan da kake ciki wani ɓangare ne na yadda aka tsara kiɗan ya iso ga mutane.

Batun kuɗi kuma, ga shawarata kai tsaye: kada ka yi odar faifan garmaho. Kuɗin aikowa daga Turai yakan kai ko ya wuce kuɗin faifan, ranar fitowarsa takan ɗaga saboda layi a masana'antun buga faifai, sannan in ya iso, roba ce. Zafin watan Afrilu a garin nan yana haura digiri 40. Faifan da ya wuni a bayan mota ko ya jingina a ɗaki mai rufin kwano zai lanƙwashe, ƙurar hunturu kuma ta shige cikin layukansa. In ba ka da na'urar juya shi da wuri mai sanyi na ajiya, ado kawai ka saya. Ka sayi fayil. Yawancin irin waɗannan ƙananan kamfanoni suna sayarwa a shafin intanet na Bandcamp, inda kaso mafi yawa ke isa ga mai aikin, kuma sau da yawa ana barin mutum ya ji kiɗan gaba ɗaya kafin ya biya. Tun 2015 ranar Juma'a ce aka fi sakin sababbin faifai a duniya, ka sa ido daga daren Alhamis. Ka gwada katinka tun da wuri ka ga ko bankinka na barin biyan kuɗin waje, don kada ranar ta zo ka tsaya nema.

Wajen saukewa, fayil nau'in WAV yana cin wajen megabayit 10 a kowane minti, wato faifai mai kiɗa huɗu na minti shida-shida zai kai 240. FLAC ingancinsu ɗaya amma ya fi shi ƙanƙanta sosai. MP3 mai lamba 320 bai kai megabayit biyu da rabi a minti ba, kuma don saurare ya wadatar. Abin da za ka guje wa shi ne wanda aka tatso daga bidiyo aka yi ta turawa a WhatsApp. Farantan jangul su ne farkon abin da matsi ke lalatawa, sai ka ji suna shuu kamar ana watsa ruwa, ka ɗora wa furodusa laifin da ba nasa ba.

Tunda kai mai koyo ne, kada ka tsaya a saurare. Makonnin nan da suka rage, buɗe manhajar FL Studio, sa gudu a 165, jefa birek ɗaya cikin Slicex, wato abin yanka sauti da ke cikinta, ka hana kanka ƙara komai sai bes guda. Yi gaɓa talatin da biyu ba tare da biyu sun zama iri ɗaya ba. Za ka sha wuya, kuma ranar da faifan ya fito za ka ji abubuwan da da ba za ka ji ba, don hannunka ya riga ya san inda wahalar take. In ka ƙware, ba dole sai gangar Amurka ta 1969 ba. Masu kalangu da kotso suna nan cikin gari da ƙauyukan kewaye, ka ɗauki makaɗi ɗaya a situdiyo ya yi maka minti biyu shi kaɗai, ka sami abin yanka da ba wanda yake da shi a Landan. Amma ku yi magana a fili kan abin da za ka yi da sautin, ka biya shi, ka rubuta sunansa a jikin aikin. Gregory Coleman ya rasu a 2006 cikin talauci, bai taɓa karɓar ko kwabo daga dubban waƙoƙin da aka gina a kan hannunsa ba. Sai a 2015 masoya kiɗan suka yi karo-karo suka tara wa jagoran ƙungiyar, Richard Spencer, fam 24,000. Mu da muka san darajar makaɗi a bakin fada da filin wasa bai kamata mu maimaita wannan ba.

In kuma kana tunanin gwada shi a wurin biki ko taron abokai, kada ka faɗo da shi kai tsaye bayan amapiano, wanda ke wajen 112. Tazarar ta yi yawa, mutane za su tsaya cak. Shigo da shi ta ƙofar rege ko hip-hop mai gudun 80 zuwa 85, yadda bes ɗin zai ci gaba da tafiyar da ƙafafunsu suka riga suka kama, gangunan su hau daga baya. Kuma ka tabbata akwai babbar sifikar bes a wurin, in babu ka bar shi sai wani karon.